Wanda Ya Ƙera Shi Ke Fara Harbi

Duk wanda ya ce maka Isiyaku mai haƙuri ne, bai taɓa zama ɗaki ɗaya da shi ba. Ni Tanko na zauna, shekara biyu a unguwar Mansura ta birnin Doha, mu takwas a ɗaki, gadonsa a ƙasa nawa a sama. Ba ya musu a layin banɗaki, ba ya ɗaga murya in an cinye masa miya a firij. Amma in ka taka shi da gangan, ajiyewa yake yi, kuma ba ya manta inda ya ajiye.

Ɗan maƙera ne daga wani ƙauye a ƙasar Ningi. Kakansa adaka yake ƙerawa, ubansa ma haka, irin bindigar nan da ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Mafarauta kan yi tafiyar yini biyu su zo gidansu. Da ƙasa ta rikice aka sa wa masu ƙera bindiga ido, maƙerarsu ta koma fartanya da lauje, su kuwa ba sa riƙe gida mai mutum goma sha huɗu. Isiyaku ya koyi tuƙi yana da shekara talatin da bakwai, ya bar matarsa Habiba da 'ya'ya, ya zo Doha.

Kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, wani dattijo ne, Abu Rashad, mai gona can bayan Wukair. Akwai dabino, akwai raƙuma shida, akwai kuma wani ɗaki da ya jera bindigogin kakanninsa, kowace da takardarta. Duk lokacin sanyi shi da abokansa tsofaffi sukan taru bayan la'asar, a rataye farantin ƙarfe taku hamsin, a yi gasar harbi da waɗannan tsofaffin bindigogi. Shekara huɗu a jere ana cinye Abu Rashad a gonarsa, a sha gahawarsa, a tafi ana yi masa dariya. Isiyaku ne ya samo mini gadi a gonar, shi ya sa kusan duk abin da zan faɗa a idona aka yi shi.

Tsakaninmu da tsohon akwai Suraj. Bahaushe ne ɗan'uwanmu, ya yi karatun Larabci, shi ne shugaban ma'aikata, shi ne kuma bakinmu da kunnenmu. Ustaz muke ce masa. Kullum cikin farar jallabiya da turare, tafin hannunsa laushi kamar burodin safe. Ban taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi waya nauyi ba.

Wata rana Isiyaku yana kwashe kaya a ɗakin bindigogin nan ya ga wata bindiga a yashe, ƙotarta ta ruɓe, sai bututu da kunama suka rage. Ya juya ta, ya leƙa cikin bututun ta wajen haske, ya ce wa Suraj zai iya tayar da ita. Suraj ya shiga wurin tsoho, ya fito ya ce, "Baba ya ce yalla, wato ka fara."

Wata bakwai ya yi a kanta. Da safe ya kai jikokin gidan makaranta a Mesaimeer, ya dawo ya shiga rumfar bayan garejin da gizago da magagari. Wata magarya ce ta faɗi a gonar, ita ya yanka ya bari ta bushe a inuwa. A gidansu ƙota ba a yin ta da ka, sai an auna hannun wanda zai harba, daga gwiwar hannu zuwa ɗan yatsa. To direba ba ya cewa mai gida miƙo hannunka. Sai ya lura tsohon yakan ɗora hannu a tagar mota in suna tafiya, ya riƙa gane inda gwiwar take tsayawa da inda yatsa yake kaiwa, in an sauka ya auna wurin da zare. Habiba ta aiko masa da man kaɗe, kullum ya shafa ya murza har itacen ya yi duhu yana sheƙi. Daga ƙarshe ya yi zane uku a ƙarƙashin ƙotar, alamar gidansu tun daga kakansa.

Ranar gasa, ana saura kaɗan a fara, Suraj ya aike shi Wukair sayo burodi. Burodi fa, a gidan da aka yanka rago biyu! Tsohon ya ɗaga bindigar, ta zauna masa a kafaɗa kamar da ita aka haife shi. Harbi biyar, huɗu a faranti. Ya rungume ta yana tambayar wane ne ya yi wannan aiki, sai ga Ustaz ya matso, hannu a ƙirji, kai a sunkuye, wai shi mai kunya. Aka yafa masa alkyabba, aka zaunar da shi cikin manya, aka ɗauke shi a waya. Ina bakin ƙofa ina kallo, ba ni da Larabcin da ya wuce khalas.

Isiyaku ya dawo da burodinsa. Da aka watse ya ɗauki bindigar zai goge, ya juya ta, ya ga an bi zane ukun nan da sanfefa an share. Ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

Abin bai tsaya nan ba. Hoton ya zaga waya zuwa waya har ya isa ƙauyensu, wani ya nuna wa mahaifinsa. Tsohon maƙeri idonsa ya yi rauni, amma ya gane lanƙwasar ƙotar gidansa. Ya sa aka kira masa ɗansa. Ina zaune kusa, na ji muryarsa.

"Isiyaku, wannan hannunmu ne nake gani a hannun wani?"

"Shi ne, Baba."

"Sayarwa ka yi?"

"A'a, Baba."

"To kyauta ka bayar ke nan. Ni ban bar maka gona ba, ban bar maka shanu ba, wannan kaɗai na ba ka."

Ya kashe wayar. Isiyaku ya zauna a bakin gado. Ban taɓa jin tausayin namiji kamar ranar ba, ban kuma taɓa tsanar mutum kamar yadda na tsani Suraj ba. 'Yan ɗakinmu suka yi ta cewa a bar wa Allah. Isiyaku ya ce ya bar wa Allah, amma shi ma zai ɗan taimaka.

Ba a yi wata biyu ba Abu Rashad ya fito da wani dogon bututu da ya gada daga kawunsa, ya ce Suraj ya tayar masa da shi kafin sanyi mai zuwa. Sai ga Ustaz a rumfa, da lemo mai sanyi a hannu.

"Malam Isiyaku, ka san ni da kai abu ɗaya ne. In na samu, ka samu."

"Haka ne, Ustaz."

"Waccan maganar, Baba ne bai fahimta ba, ni kuma ban so in kunyata shi gaban baƙi."

"Ai ka kyauta. Kawo bututun."

Na kusa fashewa. Da ya tafi na ce wa Isiyaku, "Kai wane irin mutum ne? To in za ka yi, karkatar da ita. Ta riƙa harbin gabas in an auna yamma, ya sha kunya."

Ya harare ni kamar na zagi uwarsa. "Ni in yi wa ƙarfe ƙarya? Ba a gidanmu ba."

"To faɗa wa tsohon a mota. Kullum kuna tare ku biyu."

"A gaban mutane aka ɗauke sunan gidanmu, Tanko. A gaban mutane za a dawo da shi, kuma da bakin da ya ɗauka."

Wannan ta biyun ta fi ta farko cin rai. Bututun dogo ne, sai da ya sassaƙa masa kwanciya a cikin itace kaɗan-kaɗan, ya shafa baƙin tukunya a ƙarfen, ya kwantar, ya ɗaga, inda baƙi ya taɓa ya kankare. Haka ya yi ta yi har ƙarfe da itace suka haɗu ba inda gashi zai shiga. Suraj kuwa ya koyi zuwa rumfa yana tsayawa, wai duba aiki. Wayo gare shi, yana kallo yana haddacewa, don kada tsoho ya yi masa tambaya ya rasa amsa.

Ashe Isiyaku ma hadda yake yi. Akwai wani ɗalibi, Abdul-Hakim, da muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a. Shi ya rubuta masa magana ɗaya tak da Larabci, ya yi ta maimaita ta yana wanke mota har ta zauna. Maganar kuwa gaskiya ce, al'adar gidansu ce: sabuwar bindiga, wanda ya ƙera ta shi ke ɗura ta da hannunsa, shi ke fara harbi a gaban mai ita, don in akwai aibi a jikinta ya ƙare a kansa. Ana saura kwana uku gasa, suna kan hanyar Wukair, ya faɗa wa tsohon. Abu Rashad ya buga cinya don daɗi. Da baki da hannu ya nuna masa cewa wallahi al'ada ce ta maza, haka za a yi, kuma kada a gaya wa Suraj, yana so ya girmama shi ba zato.

Ranar ta zo. An shimfiɗa darduma, tsofaffi sun jeru da bindigoginsu, iska mai sanyi tana kaɗawa. Ni na rataye farantin na dawo na tsaya kusa da teburin kayan ɗuri, inda Isiyaku yake tsaye a matsayin mai miƙo kaya. Tsohon ya tashi ya yi jawabi, ya ɗauko bindigar ya ɗora a hannun Suraj. Aka yi tafi. Na ga murmushin Ustaz ya bushe a fuskarsa.

Amma ɗan banzan bai faɗi ba. Ya matso teburin, ya auna albarushi ya zuba, ya sa ƙyalle da dalma, ya danna da sanda, duk yadda ya ga ana yi. Ya gama tsaf. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, wata goma sun tafi a banza, zai harba ko ya samu ko ya kuskure, a ƙara masa wata alkyabbar.

Ya ɗaga ta zuwa kafaɗa. Sai Isiyaku ya matso kamar zai gyara masa tsayuwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, yana murmushi don baƙi.

"Ustaz, ka san abin da ka zuba kuwa?"

Suraj bai juyo ba. "Yadda kake yi na yi."

"Waccan gajera ce. Wannan bututun ya girmi kakanka. Na taɓa ganin wanda ya yi irin ɗurin nan a garinmu, da hagu yake cin tuwo yanzu, ido ɗaya."

"Malam Isiyaku, don girman Allah..."

"Ja kunamar mana, ai kai ka ƙera. Ko kuwa ka sauke, ka faɗa musu da Larabcin nan naka mai daɗi wanda ya yi wannan da waccan. Zaɓi ɗaya, suna jira."

Wallahi na ji daɗin kallon gumin da ya keto masa cikin sanyin nan. Bakin bindigar yana ta zagaye a iska. Wani tsoho ya ce yalla, wani ya yi dariya. Suraj ya rufe ido, ya buɗe, ya dubi yatsunsa masu laushi a jikin ƙarfen. Sannan ya sauke ta a hankali, ya juya wajen Abu Rashad ya yi magana.

Ban ji Larabcin ba, amma na ji sunan Isiyaku sau biyu. Tsohon ya sa hannu a bayan kunne, ya ce bai ji ba, a ƙara. Ni na san ya ji. Suraj ya sake faɗa da ƙarfi, har masu zuba gahawa suka tsaya da butocinsu.

Abu Rashad ya tako da kansa, ya zare bindigar daga hannun Suraj ko kallonsa bai yi ba, ya miƙa wa direbansa da hannu biyu. Na zaci Isiyaku zai nemi a kwashe ɗurin tukuna. Ina! Ya karɓa, ya gyara ƙafa, ya kwantar da kumatu a kan ƙota. Ni dai na toshe kunne na ja da baya, Suraj kuwa har ya kai bayan tebur ya duƙa.

Ta tashi da ƙara, hayaƙi fari ya turnuƙe, can taku hamsin farantin ya amsa, ƙwal, yana lilo a igiyarsa. Tsofaffi suka miƙe suna kabbara.

Isiyaku ya busa bakin bututun, ya duba yatsunsa goma, ya leƙa bayan tebur.

"Taso, Ustaz, kada jallabiyarka ta yi datti. Ɗurinka daidai yake, ko ƙwaya ɗaya ba ka ƙara ba. Da ka ja, da har yanzu kai ne maƙeri."