Haƙorin da Gwaggo Turai Ke Tsaga Kaba da Shi

Gwaggo Turai yayar mahaifina ce. A Farin Dutse take, kuma tun kafin a haife ni take saƙar faifai. Duk jajibirin kasuwar Gwaram, dillaliyarta Hafsatu kan zo har gida ta kwashe abin da ta saƙa, kuma faifanta ba ya kwantai. Idan aka tambaye ta sirrin aikin, ba ta nuna hannu ko ido. Leɓe take ɗagawa ta ɗora yatsa a kan haƙorinta na gaba, na sama.

Da shi take tsaga kaba. Sauran mata da reza suke yi, ita kuwa sai ta jiƙa kabar, ta kama bakin kabar da haƙorin nan, ta ja da hannu, silin ya fito siriri, kowanne daidai da ɗan'uwansa. Takan ce ƙarfe ba ya jin kaba, haƙori ne ke ji. Masu reza kuwa ragwaye take kiran su, ko da suna zaune a wurin. Gwaggo ba ta iya tauna magana ba, kuma mahaifiyata ta ce a wurinta na gado.

Shekara da shekaru kaba tana bin wuri ɗaya, har ta ci bakin haƙorin ta yi masa ɗan gurbi. Gwaggo alfahari take da gurbin nan, don a cikinsa kabar ke zama daram. Wata rana da bazara ta kurɓi ruwan randa, sai ta ji abu ya tsarga mata har tsakar ka. Daga nan koko mai zafi ma ya gagare ta. Haƙorin ya dinga zogi, ta cusa kanumfari, ta kuskure da ruwan gishiri, har hayaƙin fitar da tsutsa aka yi mata. Ana nan, sai ciwon ya ɗauke ɗif. Gwaggo ta ce kanumfari ne, ta koma bakin aikinta, kuma daga ranar ta zama likitar haƙori a unguwarsu ba wanda ya naɗa ta.

Bayan wani lokaci haƙorin ya fara duhu. Ta ce galurar da take rina kaba da ita ce ta kama shi, kuma kowa ya yarda, tunda leɓenta ma wata rana kore ne, wata rana ja. Sai wani ɗan ƙurji ya fito mata a dasashi, saitin haƙorin. Ya kumbura, ya fashe, ya bar mata ɗanɗano marar daɗi a baki, ya koma, ya sake dawowa. Wannan kuma ta ce zafi ne. In ya dame ta sai ta aika kemis a sayo mata kafso, ta sha ya lafa.

Ni a Birnin Kudu nake aure. Na je Farin Dutse suna, na tarar da ita a ɗaki ta rufe fuska da mayafi. Da na janye mayafin, sai na ga leɓenta na sama ya haye har gefen hanci, ido ɗaya ya fara ƙanƙancewa, jikinta zafi rau. Raina ya ɓaci ƙwarai, da ita da mutanen gidan da suka zuba mata ido. Na ce ta tashi mu tafi asibiti, ta ce ba inda za ta, mutanen da ba su san komai ba sai cirewa. Sai da na rantse mata ba mai taɓa haƙorin da filaya sai da yardarta, sannan ta shiga mota, tana mita tun daga tasha har Birnin Kudu.

Likitar haƙorin mace ce, Dakta Sa'adiyya. Ta ɗora wa haƙorin wani abu mai sanyi, Gwaggo ba ta ji komai ba, har ta hararo ni, wai ga shi nan lafiyarsa ƙalau. Da likitar ta ɗan ƙwanƙwasa shi kuwa, sai da Gwaggo ta zabura daga kan kujera. Aka ɗauki hoto, aka nuna mana wani baƙin tabo a ƙarshen saiwar.

Likitar ta yi mana bayani a natse. Ta ce a tsakiyar kowane haƙori akwai siririyar hanya da jijiya da jini ke bi. Gurbin da kaba ta yi ya tsage ciki, ƙwayoyin cuta na baki suka bi tsagar suka isa jijiyar, shi ne zogin farko. Gwaggo ta tambaya ko su ne tsutsar. Likitar ta ce a'a, waɗannan ido ba ya ganin su, kuma iri-iri ne suke haɗuwa. Akwai waɗanda ba sa son iska ma, rufaffen wuri irin wannan ya fi musu daɗi, kuma yawanci su ke kawo wari da mugunya. Da suka gama da jijiyar sai suka fita ta ƙarshen saiwa suka shiga ƙashi. Ƙurjin nan ƙofa ce da mugunyar ta huda wa kanta, da ta toshe ne fuska ta kumbura. Kafso kuwa ta jini yake tafiya, jini kuma ya daina shiga haƙorin, shi ya sa abin ke lafawa ya dawo.

"Inna, ranar da ya daina ciwo ba warkewa ya yi ba," in ji likitar. "Mutuwa ya yi."

Gwaggo ta ce, "'Yar nan, cire shi za ki yi?"

"Ba sai an cire ba. Zan huda ta baya in wanke hanyar, in zuba magani, in cike ta. Amma ke da tsaga kaba da shi har abada. Ya riga ya tsage, in ya dare har saiwa ba abin da zan iya."

"To me zan yi da shi? Ado?"

"Ki ci tuwo da shi, Inna."

A gidana ta zauna har aka gama, don ba a zama ɗaya ake yi ba. Kumburin ya sace, ƙurjin ya bushe bai sake fitowa ba. Ta koma Farin Dutse da haƙorinta a baki, amma aka ce ta yi ta zama ba ta taɓa kaba, Hafsatu ta zo ta koma hannu rabbana har ta fara gajiya. Daga baya Gwaggo ta aika aka sayo reza a ɓoye, ta dinga tsaga kaba a ƙuryar ɗaki kada matan da ta kira ragwaye su gani.

Da na je duba ta, na same ta da faifai a cinya, ta ce in zauna ta ba ni labari. Ta ce da ta haɗa na farko da reza, ba ta gaya wa Hafsatu komai ba, ta miƙa mata tana jira ta ce wannan ba aikinki ba ne. Hafsatu ta juya faifan gaba da baya, ta yaba kamar kullum, ta sa a buhu. Gwaggo ta ce ta fito da shi ta duba da kyau. Hafsatu ta sake dubawa, ta ce me ya same shi? Aka kai kasuwa, ya ƙare kafin azahar, kuma haka ake ta yi har yanzu.

Na ce ai wannan abin godiya ne, sana'a ba ta tsaya ba. Ta dube ni kamar ban da hankali.

"Juwairiyya, tun ina budurwa nake cin kaba da haƙorin nan har na kashe shi. Kuma ba wanda ya gane bambanci. Ko mutum ɗaya."

Tausayinta ya kama ni. Ta share hanci da bakin zani, ta ce in miƙo mata rezar, tana ƙarƙashin tabarma.