Kawu Shekwolo da Rubab Ɗinsa

Duk wanda ya zauna a Shango ta Minna kafin yaƙi ya san Kawu Shekwolo. Ko bai san sunansa ba, ya san gajeren mutumin nan mai faɗin ƙafa da ke wucewa da garwar ruwa a kafaɗa kowace safiya. Yayan mahaifiyata ne. Ni Zamani, a gidansa nake tun da na bar makaranta a aji biyar, ko in ce tun da makaranta ta bar ni, don na manta wanda ya fara gajiya da wani.

Gadina ne. Shekara goma sha ɗaya yana kula da lambun wani Bature injiniya a unguwar Turawa. A gidan Bature kowa da iyakarsa: gadina ya tsinko abu, ya tsaya a ƙofar kicin ta baya, ya miƙa, ya juya. Mai karɓa kuwa shi ne Baba Isaiah, kuku, mutumin kudancin Zariya. Cocinsu ɗaya, bencinsu ɗaya. Kawu ne ya samo masa fili a Shango, shi ya yi masa rufin ɗaki da hannunsa. In ka ga ɗaya a hanya, waiwaya, ɗayan na nan tafe.

A shekarar sittin da biyar matar Baturen ta dawo daga Jos da wani abu a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu, kamar rogon da ya fara ruɓa. Ta ce sunansa rubab. Dama ana aiko mata da shi a kwando ta jirgin ƙasa, daga tasha sai kicin, Kawu bai taɓa ganin cikin kwandon ba. Yanzu tana son nata a lambu. Ta tsaya ta yi bayani mai tsawo da Turanci, Baba Isaiah ya fassara a taƙaice: shekara biyu ba a taɓa shi, in ya yi fure a gutsure furen, ranar ɗiba ba a sa wuƙa, a murɗa a zare, kuma ba a ɗibar fiye da rabi.

Kowa ya ce abin Jos ba zai kai mako biyu a zafin Minna ba. Kawu ya haƙa rami har gwiwa a gindin mangwaro, ya cika shi da tsohon kashin shanu, ya dasa saiwar idonta na leƙen sama. Ya kafa mata rumfar zana, ya rufe ƙasan da busasshiyar ciyawa. Ruwan da yake ba ta sai wanda ya kwana a randa ya yi sanyi. Da bazara ta zo abin ya kwanta shame-shame, aka ce ai ga shi nan. Ruwan sama na sauka ya miƙe da jajayen kara da ganye mai faɗin faifai.

Da aka fara rikici a sittin da shida Turawan suka tattara. Madam ta nuna rubab ta ce Kawu ya ɗauka. Ya tono shi da ƙasarsa, ya sa a daro, ya saɓa a kafaɗa har Shango, ya sake yi masa rami da rumfa a bayan ɗakinsa. Tunda an taɓa saiwa, ya ce ƙirgen shekara biyu ya koma farko. Matarsa, Mama Rhoda, ta ce ita da ta haifa masa ’ya’ya biyar ba ta taɓa samun ruwan randa a kai mata har wurin zama ba. Ni kuma nakan durƙusa a gaban rumfar in ce, “Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?” Kawu ya bi ni da sanda.

Abu ɗaya ne Kawu yake so fiye da rubab, shi ne zama dattijon ikilisiya, wato shiga cikin shugabannin coci. Bai iya karatu ba, amma shekara ashirin shi ke sharar coci, shi ke gyaran rufi. Da girmansa ya karɓi baftisma, kuma ya san akwai masu yi masa kallon wanda bai gama rabuwa da al’adun ƙauyensu ba. Kujerar nan ita ce za ta rufe musu baki. A sittin da takwas wani dattijo ya rasu, aka fitar da suna biyu: Shekwolo da Isaiah. Za a yi zaɓe Lahadin da ke bin ranar godiyar kaka. Kowa ya san Kawu ne zai ci. Har ya ɗinka farar riga ya ɓoye a akwati.

A cocinmu, bayan sujadar godiya Fasto da dattawa sukan ci abinci a gidan mutum ɗaya, bana kuwa layin ya zo kan Kawu. Ya ce nunan farin rubab ɗinsa bayin Allah ne za su fara ci.

Ranar Asabar da safe ya murɗo kara goma sha biyu, ya shimfiɗa su a tabarma kamar jarirai. Mama Rhoda ta tsaya tana kallonsu, hannu a ƙugu, sai ga Baba Isaiah ya shigo gaisuwa.

“Yauwa, kukun Turawa, Allah ya kawo ka,” in ji ta. “Wannan ɗan gatan na abokinka, yaya ake dafa shi?”

Baba Isaiah ya juya hularsa a hannu.

“Abu ne mai tsami, Mama Rhoda. Yadda kike yi wa yakuwa.”

“Jan karan fa?”

“Kina cin karan yakuwa?”

Ta yi dariya, ta ce ita ma ta faɗa. A wurinmu ganye ake ci, wa zai tsaya tambaya sau biyu? Ta yanke ganyen ta tara a ƙwarya, ta watsar da karan a bola. Kawu ya kama hannun abokinsa ya ce, “Ɗan’uwa, ba don kai ba da mun ji kunya.”

Ranar Lahadi aka yi tuwon dawa da miyar ganyen, da gyaɗa da busasshen kifi. Fasto ya zo da dattawa biyar. Baba Isaiah ne ya yi addu’ar abinci, ya ja ta har tuwo ya fara yin ɓawo. Da aka ce amin ya dafe ciki, ya ce tun safe yake murɗa masa, a ba shi ruwa kawai. Miyar tana da wani ɗaci mai kama harshe, amma kowa ya ɗauka haka abincin Turawa yake, aka yi ta yabawa. Ni malmala biyu na tashi da su, don ban saba barin na Turawa ya wuce ni ba.

Kafin la’asar maƙogwaro ya fara ƙuna, sai amai, sai gudawa. Na ga Fasto da idona, mutumin da ko tafiya ba ya yi da sauri, ya tattare riga yana tsallake kunyar doya. Da na yi dariya, amma ni ma ina layi. Baba Jonah, wanda ya fi kowa tsufa, a keke aka kai shi asibiti, ya kwana uku. Kawu kansa yana kwance yana nishi, yana tambaya ko baƙinsa sun isa gida.

Kafin Talata magana ta zaga Shango. Wai Shekwolo ya je ƙauyensu ya karɓo magani ya zuba a miya don ya juya zukatan dattawa, maganin ya fi ƙarfi. Wai shukar ma ba ta banza ba ce, wa ke yi wa ganye rumfa yana gaishe shi da safe? Gaisuwar tawa ce, amma a bakin mutane ta zama ta Kawu. Aka aiko masa cewa an janye sunansa, kuma ranar Asabar dattawa za su zo ya tone abin a gabansu.

Ranar Laraba da rana Elizabet, matar Baba Isaiah, ta shigo ta ƙofar baya ta sami Mama Rhoda tana tankaɗe. Ta durƙusa tana kuka.

“Yaya Rhoda, ya sani. Tun Asabar ya ce kada in bar yara su leƙo gidanku. Karan ake dafawa da sukari, ya dafa wa Madam ya fi sau ɗari. Ganyen guba ne, ita ta gaya masa da bakinta.” Ta kama ƙafar Mama Rhoda. “Don Allah kada a ce daga gare ni aka ji. Zai kore ni, ina zan kai yara huɗu?”

Da Kawu ya ji, ya zauna a kan turmi. Na ce mu tashi yanzu mu je wurin Fasto.

“Ya tambaye mu wa ya faɗa, mu ce wa?”

“Mu ce Elizabet mana!”

“Yarinyar ta durƙusa, Zamani.”

“Kai kuma fa? A bar ka da sunan mai asiri?”

Ya share fuska da tafin hannu. “Ni na yi masa rufin ɗaki,” ya ce. Ya sake cewa, “Ni na yi masa.” 

Ranar Asabar Fasto da dattawa uku suka zo, duk sun rame, sai Baba Isaiah a bayansu da kumatunsa cif. Kawu ya kwance rumfar a hankali ya jingine zanar. Kafin ya ɗauki fartanya ya sunkuya ya murɗo kara ɗaya, ya tsinke ganyen ya yar, ya gatsa jan karan yana taunawa. Fasto ya ce, “Shekwolo, kana so ka kashe kanka ne?” Kawu bai kalle shi ba. Ya miƙa wa abokinsa ragowar.

“Ɗan’uwa, cikin ya warke?”

Baba Isaiah ya kai hannayensa baya. Idonsa na ƙasa, gumi na bin wuyansa. Na jira ya yi magana, kowa ma ya ga da wani abu, amma ba wanda ya tambaya. Kawu ya jira shi, ya haɗiye ɗan karan da yake taunawa, sannan ya ɗauki fartanya. Saiwar ta yi girma, sai da ya sara ta gida huɗu kafin ta fito. Aka zuba mata kananzir aka ƙone.

Washegari aka zaɓi Baba Isaiah, ba abokin takara.

Yau shekara huɗu ke nan. Kawu yana noman doya da barkono, yana kuma sharar coci kamar da, amma ya koma bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Ba a sake kawo sunansa ba. Elizabet na nan a ɗakinta da yaranta. Ranar Jibin Ubangiji dattawa ne ke zagayawa da ƙoƙo a coci, layi-layi, kowa ya karɓa ya kurɓa. In wani ne ya zo layin baya, Kawu yakan karɓa da hannu biyu. In Baba Isaiah ne, sai ya naɗe hannuwansa a ƙirji ya kalli gaba, shi kuma ya tsaya jim da ƙoƙon a hannu, sannan ya wuce.