Namadi Mai Hoto da Dogon Gilashinsa

Duk wanda ya yi aure ko ya nemi aiki a Bagudo shekarun baya, da wuya a ce bai taɓa zama kan kujerar Namadi mai hoto ba. Shagonsa yana kusa da tasha, manne da nawa na ɗinki, kuma tun ina saurayi nake jiyo muryarsa ta bayan bango: "Ɗaga haɓa kaɗan. Kada ka ƙihta." Siriri ne mai sanyin magana, kullum hularsa a karkace saboda yawan manna ido a kyamara.

Da wayoyi suka cika gari kowa ya zama mai hoton kansa, sai aiki ya ja baya. Namadi bai yi ƙorafi ba. Yakan buɗe shago ya share, ya zauna yana goge kyamara, sai fa in an sami mai son hoton fasfo.

Wata damina ƙungiyar manoman shinkafa ta kira shi fadamar Geza ya ɗauke su a gona. Ana cikin jera mutane sai ga gauraka biyu sun sauka can bakin ruwa. Rabonsa da ganin gauraka tun yana yaro. Ya bar manoma a tsaye da murmushinsu, ya juya kyamara ya ɗauka. Da ya dawo ya nuna mini hoton, ban ga komai ba sai ciyawa da ruwa da wasu ɗigo biyu kamar kashin ƙuda.

"Idona ya gan su sarai," in ji shi, "har tukkun kansu. Kyamarar ce ba ta kai ba."

Abin ya tsaya masa a rai. Ya tafi wurin abokinsa Oluwole mai gyaran waya da rediyo, Bayarben da aka haifa a nan garin, wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Oluwole ya ce abin da yake bukata shi ne dogon gilashin da ake ɗaura wa kyamara a gaba, wanda ke jawo abu na nesa ya zo kusa. Ya ce yana da ƙane a Kwatano, can bakin teku a ƙasar Benin, mai sayar da kayan hoto na hannu. Bayan an sha waya, ƙanen ya aiko da guda uku ta hannun wani direba mai zuwa kasuwar Dole Kaina, a kan Namadi ya zaɓi ɗaya a mayar da sauran.

Ranar da aka buɗe kwalin, ni ma na bar keken ɗinki na leƙo. Na farko fari ne, ya kusa tsawon taɓarya, ba ya ja ba ya turawa, nisa ɗaya gare shi. Suka ɗaura shi suka auna wata kurciya a kan wayar lantarki can ƙetaren tasha, sai ga ta a allon kyamara har da baƙin zoben wuyanta. Na biyu ɗan ƙarami ne marar nauyi. Namadi ya ɗaga shi sama ya leƙa ta cikinsa, ya ga wani farin abu kamar saƙar gizo-gizo ya bazu a gilashin ciki. Danshin bakin teku ne ya sa ya yi hunhuna. Ya ajiye shi gefe. Na uku baƙi ne, jikinsa duk ƙarzuwa, amma ana murɗa shi ya yi tsawo ko ya gajarta, daga ɗari da hamsin har ɗari shida kamar yadda aka rubuta a jikinsa. Hotonsa bai kai na farin kaifi ba, kuma yana son haske sosai.

"Maigida, ɗauki farin nan," in ji Oluwole. "Irinsa manyan masu hoto ke riƙewa."

Namadi ya rataya farin a kafaɗa, ya ce yana zuwa. Muna kallo ya kewaye tasha da ƙafa, ya bi ta bayan masu kifi, ya dawo yana haki, gumi ya jiƙa masa riga.

"Wanga na samari ne," ya ce. "Kahin in kai fadama da shi, tsuntsaye sun tahi kwana."

Ya ɗauki baƙin. Don ya mallake shi sai da ya rabu da ƙaramin janaretansa da labulen nan mai zanen bene da jirgin sama, wanda rabin amaren garin suka tsaya a gabansa. Matarsa Sailuba, 'yar Dandi ce mai raha, ta zo shago ta tarar da bango tsirara. Ta dubi gilashin, ta dube shi.

"Baban Munira, su tsuntsayen in ka ɗauke su, yaushe za su zo karɓa?"

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

Farkon fitarsa duk hotunan sun yi dishi-dishi. Abin da bai sani ba, dogon gilashi yadda yake jawo tsuntsu haka yake jawo rawar hannu. Numfashi kaɗai ya isa ya ɓata hoto. Ya ɗauko ƙarfensa mai ƙafa uku ya ɗaure kyamara a kai kamar yadda ya saba, nauyin gilashin ya rinjaya gaba, da ƙyar ya cafe shi kafin ya sha ƙasa. Oluwole ne ya nuna masa zoben da ke tsakiyar gilashin, ya ce a nan ake ɗaurewa don nauyi ya daidaita. Suka zauna a benci suna gwaji da tantabarun maƙwabta har suka gane sai an ƙara saurin ƙiftawar kyamara sosai, in ana son fiffike ya fito ba kamar hayaƙi ba. Sauran kuma fadama ce ta koya masa. Ya gane in rana ta take, zafin da ke tashi daga ruwa yana karkaɗa hoto, don haka daga sallar asuba yake wucewa, ya sa rana a bayansa.

Ƙafa ukun ma ba ko'ina take aiki ba. A laka nutsewa take, a kwalekwale kuwa ba ta tsayuwa. Wata safiya sai ga Sailuba a shagona da tsohon zane da kwanon wake. Ta ce in ɗinka mata 'yar jaka kamar matashi, in zuba waken in rufe bakin.

"Ya riƙa aza abin nan nasa a kai," ta ce. "Na gaji da shafa masa man zafi a kafaɗa."

Jakar nan ta fi duk kayan Kwatano amfani. A gefen jirgi, a kututture, a kan tudun gona, ko'ina ya aza ta gilashin yakan kwanta lamo.

Akwai wani ƙauye a bakin kogin Kwara, can wajen iyakar Benin, inda tsuntsayen ruwa ke taruwa. Namadi ya je da sassafe ya kewaye kansa da zana, ya huda 'yar kafa ya zuro bakin gilashin. Matan ƙauyen suka zo wanki suka hangi baƙin bututu kamar bakin bindiga yana leƙowa daga cikin zana. A zamanin nan da kowa ke ɗar-ɗar, ba wadda ta tsaya tambaya. Suka watsar da kaya suka ruga, ruwa ya tafi da ƙwaryar wata tsohuwa da ake kira 'Yar Baba. Can sai ga maza da sanduna.

"Kai wane ne a ciki? Hito!"

Namadi idonsa na kan wani zalɓe da ya miƙa wuya. Ya yi raɗa ta cikin zana: "Don Allah ku dakata kaɗan, zai kama kihi."

Suka yaye zanar, zalɓe ya tashi, aka tasa Namadi gaba har ƙofar gidan mai gari. 'Yar Baba ta riga su isa, tana faɗa da Dandanci tana haɗawa da Hausa. Namadi ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya ce laifinsa ne da bai fara zuwa gaisuwa ba. Sannan ya kunna allon kyamara ya miƙa wa mai gari. Ga dinya, ga kirinjijiya a jere, ga zalɓen ɗazu da ɗigon ruwa a bakinsa. Kawuna suka haɗu a kan allon. Tsohuwar ta ture wani ta matso, ta daɗe tana kallo.

"Kullum tare muke wanki da wanga tsuntsu," ta ce, "ban taɓa sanin idonsa rawaya ne ba."

"Inna, ki yafe mani ƙwaryarki," in ji Namadi.

"Sai ka kawo sabuwa. Babba."

Ya kai mata ranar kasuwa. Tun daga nan ƙauyen ya zama kamar gidansa, masunta kan aiko masa da saƙo in sun ga baƙon tsuntsu, kuma a can ya sami gaurakinsa da damina ta zagayo.

Yanzu bangon shagon cike yake da tsuntsaye. Masu hoton fasfo kan manta abin da ya kawo su, tsofaffi kuma su zauna suna gardamar sunan wani da Hausa da Dandanci da Fillanci. Sailuba ta fara bin sa fadama, wai don ta riƙe masa lema. Ran nan zazzaɓi ya sa hannunsa rawa, ga cilakowa ta sauka a reshe kusa da su. Ya matsa gefe ya ce ta leƙa ta danna. Ta danna daidai lokacin da tsuntsuwar ta tashi.

Ya wanke hoton ya sa shi a tsakiyar bango. Jiya na ji wani malamin makaranta yana tambayar me ya sa fiffike ɗaya bai fito duka ba.

"Ni na ɗauka," in ji Sailuba daga bakin ƙofa. "Ita ta yi gaggawa."

Namadi ya gyara hularsa ya ce, "Gaskiyarta, Malam. Ina wurin."