Tsohuwa Mai Sayen Dashen Maɗaci

A lambun sayar da dashen itatuwa nake kallonta. Tsohuwa ce 'yar firit, mayafi ɗaure a ƙugu, faratanta cike da ƙasa. Tana ɗaga dashen maɗaci ɗaya bayan ɗaya, tana ƙare musu kallo kamar mai zaɓen suruka. Guda ɗari biyu take so.

Mai lambun yana murmushi. "Inna, wannan fa sai ya shekara talatin kafin ya yi katako. Ki sayi mangwaro mana."

Da gani ba yau aka fara gaya mata haka ba. Wataƙila 'ya'yanta ma sun yi har sun gaji.

Ba ta ko ɗago kai ba. "Na ce maka ni zan sare? Gonata ce, kuma ina da jikoki. Loda min a amalanke, ɗan nan."