Sunan Malam a Shafin Tambayoyi

Me ya sa ɗalibin mijina ya nuna mini rubutun da yatsansa, alhali ya san ban iya karatu ba? Har yau ina juya wannan tambaya, ban samu amsa ba. 'Yata ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa ina kuka.

Mijina, Malam, ya koyar da masu neman zama malaman makaranta har ya yi ritaya. Ɗalibansa sun san shi da hali ɗaya: ba ya ba da amsa. Sai ya jefa musu tambaya ya ce su je su nemo. Me ya sa rijiyar wani gida a Angwan Iya ke ƙafewa, ta maƙwabcinsa tana da ruwa? Me ya sa doyar da aka saro a Garaku rana ɗaya ke ruɓewa a ɗakin wani, ta daɗe a na wani? Ni ma ban tsira ba. In na tambaye shi ko miya ta ji gishiri, sai ya ce in bincika.

Tambayoyin duk suna cikin wani littafi mai baƙin bango. Da ciwon sukari ya cinye idonsa, wani tsohon ɗalibinsa, wanda yanzu shi ma malamai yake koyarwa, ya fara zuwa gaishe shi. Ya ce yanzu a intanet ake ɗora tambaya, a jera wa ɗalibai shafukan da za su duba, su kasu rukuni-rukuni, su karanta, su yi gardama, sannan su fita su gwada abin da suka karanta da abin da ke ƙasa. Malam ya yi dariya, ya ce ai abin da ya yi ta yi ke nan a kan kekensa. Ya ba shi littafin da sharaɗi ɗaya: a sa sunansa a sama.

Duk Asabar yana zuwa, Malam na warware masa tambayoyin, ni ina kawo musu tuwo. Mama yake kirana.

Ranar da ya zo da kwamfuta, jikin Malam ya yi tsanani, ba ya iya tashi. Malam ya ce in fita in duba masa. A tsakar gida mutumin ya buɗe ta, ya ɗora yatsa.

"Ga sunan Baba nan, Mama, da manyan baƙaƙe."

Na ga layi biyu. Na sa masa albarka.

Bayan arba'in ɗin rasuwar Malam, wata ɗaliba da ke haya a gidanmu tana aikin makaranta a wayarta, sai na ji tana karanta tambayar doya. Na ce ta karanta mini sunan da ke sama. Na mutumin ne. Na sa ta gangara har ƙasa, sau biyu. Babu Malam ko'ina. Na aika masa, aka ce yana taro a Abuja. Littafin ma bai dawo ba.

Abin da ya fi cin raina, da bakina aka yaudari mijina. Ranar da aka kawo kwamfutar nan, na koma ɗaki da murna, na durƙusa kusa da shi na ce na gani. Ya lalubo hannuna ya riƙe. Abin da ya faɗa mini a yammacin nan shi ne maganarsa ta ƙarshe.

"Ba sai na bincika ba," ya ce. "Tunda ke kika gani, na yarda."