Kyanwar da Ta Ce a Je a Tambaya

A gidanmu na ƙauye, kusa da Dutsi, komai da tsarinsa. Da farko a yi sallar magariba, sannan a ci tuwo, sannan a wanke kwanuka. Sai an gama waɗannan kakarmu Iya Tabawa take jawo kujerarta kusa da murhu, ta tura karan dawa cikin sauran garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Wanda bai wanke hannu ba, ba ya zama. Ni maigida take kirana, irin tsokanar kaka da jika, kuma kullum ƙorafinta ban kawo cefane ba.

Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran tsofaffi. Cewa take, "Ga baƙuwa a ƙofa." Mu ce, "Ta shigo."

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta manomin da ɓeraye suka addabi rumbunsa, ya yi shela yana neman mai gadi. Zakara ya fara zuwa, ya hau danga ya ce shi ke tashin gari, ba a taɓa yin asuba ba da saninsa ba. Kare ya biyo baya, ya lissafa kurayen da ya kora, har da waɗanda ba a haifa ba. Kyanwa ta zo ƙarshe, ta zauna ta naɗe wutsiya. Manomi ya ce, ke fa? Ta ce a je a tambayi gidan da ta baro. Ya ɗauki sandarsa ya tafi, mutanen gidan suka nuna masa buhunan gero, babu huda ko ɗaya. Aka ba kyanwa rumbu.

"To kun ji," in ji Iya. "Ɗan mutunci ba ya yabon aikinsa da bakinsa. Ya yi shiru, mutane za su faɗa."

Na ce, "Iya, in manomin bai je ya tambaya ba fa?"

Ta zungure ni da kara. "Ji maigidan nan, ba cefane sai gardama. Zai je mana. Ai gari ɗaya suke."

Da wannan na girma. Na gama sakandare na shigo Daura, wani Alhaji mai fataucin hatsi ya ɗauke ni kula da sito, don kawai kawuna ya ce masa yaron kirki ne. A nan na yi furfura. Da Alhaji ya rasu, magada suka raba dukiya, aka rufe siton, na dawo gida da iyali a wuyana.

Sai na ji wani kamfanin taki zai buɗe sito a hanyar Mai'adua, suna neman mai kula. Sharaɗinsu a aika sibi ta intanet, wato takardar da mai neman aiki ke bayyana kansa a ciki. Na rubuta tawa a jere: sunana, sunan mahaifina, unguwarmu, makarantun da na yi. A ƙasa na sa cewa a tambayi gidan marigayi Alhaji. Na miƙa wa 'yata Hadiza, wadda ta fi ni boko, ta aika.

Ta karanta ta ɗago kai. "Baba, wannan ai adireshi ne."

"Me ya rage?"

"Aikin kansa. Shi ake sawa a sama. A faɗi girman siton, a faɗi cewa kaya ba su taɓa salwanta a hannunka ba, a ce kai ka koya wa na ƙasa da kai aiki. Shafi ɗaya ya isa."

"Ni zan ce ni mai amana ne? Da bakina?"

"To wa zai ce, Baba? Alhaji ya rasu. Mai karantawar kuma ko hanyar Daura bai sani ba."

Na ce ta aika yadda na rubuta. Ta aika. Aka buɗe siton da wani, ni ko kira ba a yi mini ba.

Bayan watanni na sauko, na ce ta rubuta irin tata. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, amma da ta karanta mini sai na ji kamar ni ne a kan danga. Mun aika wurare da dama. Yawancinsu sun sa iyakar shekaru, ni kuwa na wuce ta. Har yau shiru.

Iya ba ta yi mana ƙarya ba. Tatsuniyarta ta garin da manomi zai iya takawa da ƙafa ya tambaya ce. Waɗanda za su shaide ni, wasu suna maƙabarta, sauran babu mai zuwa wurinsu.

Jiya na zaunar da autana Nura, wanda ke shirin gama makaranta. Na ce ya ɗauko biro ya rubuta duk abin da ya iya, ya sa mafi girma a sama, kada ya ji kunyar kowa. Tatsuniyar kyanwa kuwa ban taɓa ba shi ba, kuma ba zan ba shi ba.