Kilishin Barau a Garin da Ba Rana

Duk wanda ya ci kasuwar Maigatari ranar Alhamis shekaru goma baya ya san rumfar Barau, ko da bai san sunansa ba. Tana can bayan kara, wato kasuwar dabbobi, kusa da inda ake ɗaure raƙuma, kuma hanci ne ke kai mutum wurin, ba tambaya ba. Barau ɗan Sha'aibu mai kilishi ne, jikan mai kilishi. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya dariya sai da dalili, dalilin ma sai ya juya shi ya duba bayansa tukuna. Samarin tasha suna ce masa Gwamna, don in ka gaishe shi hannu kawai yake ɗaga maka.

Aji uku ya yi a firamare ubansa ya zo ya ɗauke shi, ya damƙa masa wuƙa. Kafin ya yi gemu ya iya buɗe tsokar cinya guda ta zama kamar tabarma, siririya har kana hango yatsunka ta bayanta. A shimfiɗa a gadon kara da hantsi, kafin la'asar ranar Maigatari ta busar da ita ƙayau. A tsoma a labu, wato kwaɓin tunkuza da citta da kanumfari da barkono, a sake shanyawa, sannan a ɗan nuna wa garwashi. Iyakar abin da Barau ya sani a duniya ke nan, amma ya san shi ciki da bai.

Da aka rufe boda, shanun Nijar suka yi ƙaranci, masu zuwa daga kudu suka ja baya. Sai Barau ya yi Alhamis biyu, uku, bai yanka komai ba. Ga uwa tsohuwa, ga matarsa Hannatu da 'ya'ya uku da cikin na huɗu. Yana cikin wannan hali wani Alhaji Ɗalha ya aiko masa. Alhajin mutumin Magarya ne ta tsallaken boda, ya yi shekara talatin a Gabon, yana da gidan abinci da wuraren tsire a Libarbil, babban birnin ƙasar. Ya taɓa cin kilishin Barau sau ɗaya, ya ce bai manta ba. Ya ce Barau ya zo, garin cike yake da Hausawa da 'yan Mali da 'yan Senegal, kowa na marmarin kilishi, babu mai yi.

Babu wanda ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa babu mai yi. Barau bai tambaya ba, Alhaji bai yi tunani ba, mu ma da muka raka shi tasha addu'a kawai muka bi shi da ita, da saƙon turare.

A watan Fabrairu ya sauka. Da aka buɗe ƙofar jirgi ya ji kamar an rufa masa jiƙaƙƙen bargo mai ɗumi. Ya ga teku, ya ga itatuwa sun yi tsayin da bai dace da itace ba. Aka ba shi ɗaki a bayan gidan abincin, rufin kwano, bangon yana tsatsafo da ruwa. Bayan kwana huɗu takalminsa na fata ya yi furfura.

Alhaji ya zaunar da shi ya faɗa masa yadda ƙasar take. Takardar da ya shigo da ita ta ɗan lokaci ce. Wanda zai zauna sai da katin zama, wanda suke kira sejur, kuma ba a ba baƙo sai wanda ya ɗauke shi aiki ya tsaya masa. In babu kati, kullum mutum yana cikin wasan ɓuya da jandarma, ƙarshenta a sa shi a jirgi.

"Zan tsaya maka," in ji Alhaji. "Amma masu tsire shida gare ni, Barau, ban rasa na bakwai ba. Kilishi na kira ka ka yi."

"In Allah ya yarda, Alhaji. Nama da rana kawai nake so."

Aka kawo masa cinya biyu ta sa. Ya kafa gado a tsakar gida, ya zauna ya fere naman nan har ma'aikatan kicin suka bar aikinsu suka kewaye shi suna kallo. Ya shimfiɗa da hantsi, rana tana dukan ƙeya yadda ya kamata. Da azahar ya taɓa, naman yana nan da danshinsa kamar yanzu aka yanka. Kafin la'asar sama ta haɗe, ruwa ya sauko kamar da bokiti. Ya kwashe a guje. Washegari ya sake shimfiɗawa, ruwa ya sake saukowa. Rana ta uku naman ya yi yauƙi, ya fara kore a gefe, ƙudajen Libarbil kaf suka zo ta'aziyya.

Sau huɗu yana gwadawa, sau huɗu ana haƙa rami a bayan gida. Masu tsire suka sa masa suna Mai Jana'iza. Wani ɗan Dogon Dutsi a cikinsu, in ya gan shi da cinya a kafaɗa, sai ya cire hula ya ce, "Allah ya jiƙan sa, ya sa ya huta."

Barau ya je ya sami Alhaji.

"Alhaji, damina ce. Ko a gida ba mu cika yi da damina ba. Yaushe ranin garin nan?"

"Watan shida ruwa ke ɗaukewa."

"To a bar ni zuwa rani. In rani ya zo ban yi ba, ka mayar da ni."

Alhaji ya yarda, ya sa aka ƙara masa wa'adin takarda. Barau ya koma yankan albasa da wanke faranti, yana ƙirga kwanaki. In ya kira Hannatu ta tambaye shi aiki, sai ya ce ana shiri. A tsakanin nan ta haihu, mace, aka sa mata Sumayya, ya ga fuskarta a waya.

Watan shida ya zo, ruwa ya ɗauke kamar yadda aka ce. Barau ya wasa wuƙarsa, ya fito da safe ya ɗaga kai. Sama fara fat, kamar an kifa ƙwarya. Ya ce gobe. Gobe ma haka. Ashe ranin Gabon ba ruwa, ba kuma rana. Gajimare ne ke rufe garin wata uku, ga sanyi-sanyi, ga iskar teku mai laima. Mutumin da ya tashi a inda rani ke fasa ƙasa, ina zai kawo a ransa cewa akwai ranin da ake neman rana a rasa? Alhaji ma da ya shekara talatin a garin bai taɓa lura ba, don shi bai taɓa shanya komai ba sai a bayan firji.

Ya gwada duk da haka. Naman bai ruɓe da wuri ba, bai kuma bushe ba, ya tsaya tsakani kamar fatar da aka jiƙa. Aka sake haƙa rami.

Wannan karon Alhaji bai yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Barau ke nan. Ya ce, "Ba laifinka ba ne, ƙasar ce. Takardarka za ta ƙare ƙarshen watan takwas. Zan saya maka tikiti, ka koma cikin mutunci."

Ran nan aka aike shi bakin ruwa ya karɓo kifi wurin matar da ke kawo wa gidan abincin. Mama Akosiwa sunanta, 'yar Togo, ƙatuwar mace mai murya kamar lasifika. A Zangon Lome ta girma, don haka tana jin Hausa. Ya same ta tsakanin ganguna da aka yanke, an jera raga a kansu hawa-hawa, kifi a shimfiɗe, hayaƙi yana tashi a hankali daga ɓawon kwakwa.

"Kai ne mai binne shanun Alhaji?" ta ce. "Labarinka ya riga ka zuwa."

"Ni ne, Mama."

"Wa ya ce maka ana shanya abu a garin nan? Ko ɗan kamfai sai ya kwana uku. Kawo namanka in sa maka a raga."

"A'a, Mama. Kilishi ba ya ganin wuta sai ya bushe."

"In ji wa?"

Barau ya tuna ubansa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu hadari ya taɓa tasowa da nama a gado, ya ja gadon kusa da murhu don ya ceci naman. Ubansa bai doke shi ba. Kwashewa ya yi gaba ɗaya ya rabar wa maƙwabta su yi miya, ya ce wannan banda ce, abin da hayaƙi ya busar, kuma a gidansu ba a taɓa sayar da banda da sunan kilishi ba. Kwana bakwai bai yi masa magana ba. Yanzu uban yana kabari shekara tara, amma Barau ya ji kamar yana tsaye a bayan gangunan nan.

Mama Akosiwa ta ɗaure masa kifin, ta ce, "Ni ma uwata a rana take shanya ƙananan kifi a kan yashi. Na zo nan na yi kuka wata biyu. Rana ba ta biyo ni ba, yunwa ce ta biyo ni. 'Ya'yanka nawa?"

"Huɗu."

"To je ka yi shawara da su."

Kwana biyar yana juya maganar. Ran na shida, bayan sallar asuba, ya ɗauki tsoka ɗaya ya tafi bakin ruwa. Na farkon da suka yi ya bushe sarai, sai dai in ka rufe ido ka ci, za ka rantse tarwaɗa ce aka yi wa yaji. Mama Akosiwa ta yi dariya har da hawaye. Barau ya nemo sabuwar ganga da sabuwar raga, ya ɗaga ragar sama sosai, ya rage ɓawon kwakwa ya ƙara gawayi, yana sa bayan hannunsa yana auna zafin, yana neman daidai zafin hantsin gida. Ya ƙona biyu. Na uku ya fito.

Baƙi-baƙi ne, ya fi na gida laushi, da ƙamshin hayaƙi a ƙarƙashin yajin. Ya kai wa Alhaji a takarda, ya tsaya. Alhaji ya gutsura, ya tauna, ya sake gutsura, ya kira masu tsire. Kafin a jima takardar ma sai da aka lashe. Ɗan Dogon Dutsi ya ce, "Mai Jana'iza, yau dai gawa ta tashi."

Barau bai ci ba. Da aka matsa masa ya ɗanɗana, ya tauna a hankali, ya haɗiye, ya ce, "Za a iya ci."

Saura kwana tara takardarsa ta ƙare Alhaji ya sa babbar riga ya kai shi ofishin shige da fice. Suka yi layi tun safe har azahar. Ma'aikaciyar tana tambaya da Faransanci, Alhaji yana juyawa. Suna, garin haihuwa, sunan uba. Da ta zo kan sana'a, Alhaji ya buɗe baki zai amsa, Barau ya taɓa hannunsa.

"Alhaji, kada ka ce kilishi."

"To me zan ce? Shi nake sayarwa."

"Kai ka sayar da sunan da ka ga dama. Ni a takardata, a ƙarƙashin sunan babana, a rubuta mai banda."

Alhaji ya dube shi, ya ga ba wasa a fuskar, dama can ba a saba gani ba. Ya juya ya faɗa wa matar cewa mai busar da nama da hayaƙi ne. Ta rubuta ba ta ko ɗago ba, ta ce ya dangwala yatsu.

Yau Barau yana da ganguna goma sha biyu a wata rumfar kwano kusa da bakin ruwa. Ya iya gaisuwa da ciniki da Faransanci, ya iya cin rogo da ganyensa, ya daina ɗaga kai sama in ya fito da safe. Ranar Juma'a bayan masallaci layi ake yi a gabansa, har mutanen ƙasar masu kwat da lakataye. Bayan shekara biyu ya ɗauko Hannatu da yaran, tsohuwa ta ce ita ba ta hawa abin da ba a iya tsayar da shi a sauka, tana nan wurin ƙaninsa.

Bara wani direba zai je can daga gida, Barau ya roƙe shi ya taho masa da kilishin Maigatari, na rana. Da kilishin ya iso, Barau ya shimfiɗa tabarma, ya tara iyalinsa, ya buɗe takardar da hannu biyu. Ja ne, siriri, yana karyewa ƙaras. Ya ba kowa. Ya ɓalli ɗan ƙarami ya miƙa wa Sumayya, wadda ba ta san wani gari ba sai Libarbil.

Ta tauna, ta yamutsa fuska, ta tofar a tafin hannunta.

"Papa, wannan ya lalace. Ba ya ƙamshi. A ba ni namu."

Hannatu ta fara dariya, ta dubi mijinta, ta daina. Barau ya daɗe yana kallon abin da ke hannun yarinyar. Sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya ɗebo mata nasu.